Duba marasa lafiya da bincike a ciwon zuciya na gado: za su haɗu a hannu ɗaya?

Ƙaramar Likita:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Shawara nake nema. Na kusa kammala horon ƙwarewa a fannin zuciya, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cututtukan tsokar zuciya da ake gado, musamman ciwon kaurin tsokar zuciya da muke kira HCM, da yadda hoton MRI yake fito da su. An yi mini tayin digirin digirgir a kan wannan, wanda zai janye ni daga asibiti na wasu shekaru. Waɗanda muka fara tare za su zama konsaltan ni ina matsayin ɗaliba. Ba wannan ne ma ya fi damuna ba. Abin da nake tsoro shi ne in ƙare ba nan ba can: ban zama cikakkiyar likita ba, ban zama cikakkiyar mai bincike ba. Waɗanda suka bi hanyar nan da waɗanda suka ƙi bin ta, don Allah ku haska mini.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam 'yata. Tun da gaskiya kika nema, taura biyu ba ta taunuwa. Aikin likitan zuciya a hannu yake da kunne da ido, kuma duk ukun sai da yawan ganin marasa lafiya suke kaifi. Na ga yara masu hazaƙa sun tafi ɗakin gwaji, sun dawo suna ɗari-ɗari da na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya da sauti, mara lafiya yana haki a gabansu suna tunanin takardar da za su rubuta. A can ɗakin gwajin kuma waɗanda bincike ne kaɗai sana'arsu sun yi musu fintinkau. Kukan ma ba na yau ba ne. Tun 1979 James Wyngaarden, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ya rubuta cewa likita mai bincike halitta ce da ke gab da ƙarewa. In har inda ake da kuɗin bincike mai yawa haka ake kokawa, ki auna da kyau. Marasa lafiya kuwa ga su nan jibge suna jiran wanda zai duba su yau, ba bayan shekara ashirin ba.

Mai Hoton Zuciya:
Ranka ya daɗe Malam, ban musa wahalar ba, a cikinta nake. Amma HCM ɗin da ta ambata, duk abin da muka sani a kansa daga hannun mutanen da suka ƙi rabuwa da ɗaya daga cikin biyun ya fito.

A 1958 Donald Teare, likitan binciken gawa a Landan, ya wallafa bayanin mutum 8 da ya samu bangon tsakiyar zuciyarsu ya yi kauri fiye da ƙima, yawancinsu matasa da suka faɗi suka mutu ba zato. Daga nan Eugene Braunwald a NIH ya shiga auna matsin jini a cikin zuciyar irin waɗannan mutane, abokin aikinsa Andrew Morrow kuma ya ƙirƙiro tiyatar rage kaurin da har yau ake yi. Morrow ɗin da kansa ciwon yake ɗauke da shi, kuma Braunwald ne ya gano masa. Sai 1990, a ɗakin gwajin Christine Seidman da mijinta Jonathan Seidman a Harvard, aka gano tangarɗar farko a ƙwayar gado ta MYH7, mai haɗa furotin ɗin mayosin da zuciya ke matsewa da shi. A ina suka samo ta? A jinin wani babban dangi a Kanada da likitoci suka shafe shekaru suna bibiya, suna rubuta wa ya mutu, wa ya suma, wa ya tsira. Ba don wannan rubutun na likitocin asibiti ba, da masu ɗakin gwaji ba su san jinin wa za su ɗiba ba.

Daga wannan ganowar aka fahimci cewa mayosin ɗin masu ciwon ya cika kama aiki, zuciya tana matsewa da ƙarfin da ya wuce buƙata kuma ba ta saki sosai. Aka nemi maganin da zai sassauta shi. A 2012 aka kafa kamfanin MyoKardia, a 2020 aka fitar da sakamakon gwajin maganinsu mavacamten a kan mutum 251, a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga waɗanda kaurin yake toshe musu hanyar fitar jini. Kuma ko shi ba a ba da shi sai ana bibiya da eko, saboda yana iya rage ƙarfin bugun fiye da yadda ake so. Kin ga ke nan daga gadon asibiti aka faro, a gadon asibiti aka dire.

Ɗan Lab:
Likita, labarin ya yi daɗi, amma ki duba shi da kyau, yana iya zama hujjar Malam. Christine likitar zuciya ce, Jonathan masanin ƙwayoyin gado ne, ba ya duba mara lafiya. James Spudich da ya ƙarar da rayuwarsa a kan mayosin, da Leslie Leinwand, waɗanda aka kafa kamfanin da su, ba likitocin asibiti ba ne. Wato haɗin gwiwa ne ya yi aikin, ba mutum ɗaya mai riƙe da komai ba. Sannan daga 1990 zuwa 2022 shekara 32 ke nan. Ni ba likita ba ne, kuma abin da nake buƙata daga likitan da muke aiki tare ba wai ya iya sarrafa DNA kamar ni ba. Ina so ya iya gaya mini takamaimai waye ke da ciwon a cikin dangin nan, waye ba shi da shi. In ya yi kuskure a mutum ɗaya, lissafina duka ya rushe.

Tsohon Hannu:
Madalla ɗana. Kowa ya riƙe nasa da kyau, a haɗu a teburi ɗaya. Abin da nake faɗa ke nan.

Maman Biyu:
Ku yi haƙuri likitoci, ni ba 'yar fanninku ba ce, karatu kawai nake yi a zauren nan, amma maganar ta taɓa ni. Ƙanin mijina ya faɗi a filin ƙwallo bai tashi ba, yana da ƙuruciyarsa, ba a taɓa jin ya ce ko kansa na ciwo ba. Bayan rasuwar aka duba mijina aka ce bangon zuciyarsa ya kai milimita 17, HCM ne. Aka ɗebi jininsa aka aika gwajin ƙwayoyin gado. Da sakamako ya dawo, likitan ya juya takardar gaba da baya, ya ce an ga wani sauyi amma ba a san ma'anarsa ba, ya miƙo mana. Shi ke nan. Muka fito da takarda a hannu ba mu san ko murna za mu yi ko kuka ba. Muna da yara biyu, babban ya fara girma kuma ba abin da yake so kamar guje-guje. Tun ranar duk lokacin da ya shigo yana haki sai gabana ya faɗi. Wa ya kamata ya yi mana bayanin takardar nan, likitan asibiti ko na ɗakin gwaji?

Mai Hoton Zuciya:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙuri. Maman yara, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi.

Ga abin da yake tabbas. Ciwon nan ba baƙon abu ba ne, kusan mutum 1 cikin 500 yana da shi, kuma mafi yawansu in ana kula da su suna yin tsawon rai kamar kowa. A babban mutum ana kiran sa HCM in kaurin ya kai milimita 15 ba tare da wani dalili kamar hawan jini mai tsanani ba, ko 13 in akwai shi a dangi. In na gado ne, kowane ɗa yana da rabi da rabi: ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, kuma ba ruwan abin da mace ko namiji. Wanda ya ɗauka ma ba lallai ya nuna ba, wani sai ya manyanta, wani har abada.

Sakamakon da aka ba ku, wanda ba a san ma'anarsa ba, ba a yanke hukunci da shi. Ba a cewa yaron da ke da wannan sauyin yana da ciwo, ba a kuma sallamar wanda ba shi da shi. Abin da ake yi shi ne a duba yaran da awon ECG, mai rubuta bugun zuciya, da eko, a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa biyu a lokacin tasowarsu, domin a shekarun balaga ne kaurin ya fi bayyana. Manya kuma, 'yan'uwan mijinki da iyayensa, duk shekara uku zuwa biyar. In yaro ya suma yana cikin wasa, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko ya ce zuciyarsa tana dukan da bai saba ji ba, kada a jira ranar da aka ba ku, a kai shi.

Wa zai yi bayani kuma? Wanda ya iya karanta hoton zuciyar mijinki da takardar gwajin a zama ɗaya, kuma ya san inda ilimin ya tsaya. Malam, wannan gurbin nake nufi. Wanda ya miƙa mata takardar nan ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne.

Ɗan Lab:
A nan kam na sassauta. Kuma akwai dalilin da ya sa irin wannan sakamakon ya fi faɗa wa baƙar fata. Tun 2015 ana raba sauye-sauyen da aka gani gida biyar: mai jawo ciwo, mai yiwuwa yana jawowa, wanda ba a sani ba, mai yiwuwa ba shi da illa, da marar illa. Don a san gidan da za a saka sauyi, ana duba yawansa a cikin masu lafiya. In ya yi yawa a cikinsu, to ba shi ne mai laifin ba. Matsalar ita ce rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su yawanci na mutanen da asalinsu Turai ne. A 2016 Arjun Manrai da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu sauye-sauye da aka riƙa gaya wa mutane cewa su ne sanadin HCM ɗinsu, ashe ba su da illa, kawai dai sun fi yawa ne a baƙaƙen fatar Amurka. An ba mutane sakamakon da ba daidai ba, kuma da an saka ko da baƙar fata kaɗan cikin masu lafiyar da aka kwatanta da su tun farko, da ba a yi wannan kuskuren ba. Maman yara, ki adana takardar. Ana sake duba irin waɗannan sakamakon bayan wasu shekaru, kuma in wasu manyan dangin da aka tabbatar suna da ciwon suka yarda a gwada su, hakan na taimakawa a gane ko sauyin yana tafiya tare da ciwon.

Ɗalibi Aji Biyar:
Manya a gafarce ni, tambayar ɗalibi. Tun da eko yana nuna kaurin, me MRI yake ƙarawa har mutum zai yi digirin digirgir a kansa?

Mai Hoton Zuciya:
Ƙanena, eko shi ne farko kuma ba a tsallake shi. Tun 1953 da Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara gwada shi a Lund ta ƙasar Suwidin, ba abin da ya kai shi sauƙin kaiwa bakin gado. Amma yana da wuraren da ba ya gani sosai, kamar tsinin zuciya da wani ɓangare na bangon gefe, kuma kauri yana iya ɓuya a nan. Sannan eko yana gaya maka kauri nawa ne, MRI yana gaya maka me ke cikin kaurin.

Ka zo ɗakin ka gani wata rana. Mutum yana kwance cikin na'ura, wayoyin ECG a ƙirjinsa, ana ce masa ja numfashi, fitar, riƙe. Ana zuba masa sinadarin gadoliniyam ta jijiya, a jira kamar minti goma. Sinadarin ba ya shiga cikin lafiyayyun ƙwayoyin tsoka, yana wucewa ya fita, amma inda tabo yake sai ya maƙale. Sai mu saita na'urar yadda lafiyayyar tsoka za ta fito baƙa wuluk, tabon kuma ya fito fari fat. Raymond Kim da Robert Judd ne suka kafa wannan hanyar a wajejen 1999 zuwa 2000, da farko don gano tsokar da ta mutu bayan toshewar jijiyar zuciya. A HCM tabon yana iya zama mafarin rikicewar bugun da ke kashe mutum nan take. Wani bincike na 2014 ya nuna cewa in tabo ya kai kashi 15 cikin ɗari na tsokar ɗakin hagu, haɗarin mutuwar fuju'a ya ninka kusan sau biyu. Wannan yana shiga cikin shawarar ko a dasa wa mutum na'urar da ke farfaɗo da zuciya a ƙirji, irin wadda Michel Mirowski ya ƙirƙiro aka fara dasawa a 1980. Shawara ce mai nauyi, domin matashin da aka dasa wa zai rayu da wayoyi a zuciyarsa, a riƙa canza batir, wani lokaci ta buge shi ba dalili.

Akwai kuma awon T1, wanda ke ba kowane ɗigo na tsokar lamba. Zukata biyu za su yi kauri iri ɗaya a eko, amma a ɗaya lambar ta yi ƙasa, sai ka yi zargin ciwon Fabry, inda wani nau'in kitse ke taruwa a tsokar, a ɗayar ta yi sama sosai, sai ka yi zargin amiloyid, wato taruwar wani gurɓataccen furotin a tsokar. Maganinsu daban, gadonsu daban. Kuma amiloyid ɗin nan na gado, mai sauyin V122I, yana jikin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka, kuma sau da yawa ana ɗora laifin kaurin a kan hawan jini har sai zuciya ta gaji.

Tsohon Hannu:
Duk na ji, kuma ban raina ba. Amma ɗalibi, kafin ka yi mafarkin babbar na'ura, ka koyi zana bishiyar dangi. Takarda da biro. Kakanni, iyaye da 'yan'uwansu, 'ya'ya. Kada ka tambaya “akwai mai ciwon zuciya a gidanku?”, za a ce maka babu. Ka tambaya wa ya mutu yana matashi, wa ya kwanta lafiya bai farka ba, wa ya nutse a ruwa alhali ya iya iyo, wa aka ce farfaɗiya ce ta kashe shi. A nan amsar take fitowa. Duniya ta ga ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foé ya faɗi a tsakiyar fili a Lyon a 2003, binciken gawa ya nuna kaurin tsokar zuciya. Nasa an gani ne don a talabijin ya faru. Dubbai suna faɗuwa ba wanda ya tambayi ko suna da ƙanne. Kuma gadoliniyam ɗin nan ba kowa ake zuba wa ba, mai ciwon ƙoda mai tsanani sai an yi taka-tsantsan.

Mai Hoton Zuciya:
Wallahi Malam a kan bishiyar dangi ba mu da saɓani ko kaɗan. Ita ce binciken farko. Wanda ya zana ta da kyau, ya ajiye ta inda ba za ta ɓata ba, ya dawo mata bayan shekara biyar ya ƙara abin da ya faru, ya riga ya fara aikin da nake kira bincike ko bai kira shi da sunan ba.

Ƙaramar Likita:
Na gode ƙwarai, Malam da Yaya. Yaya, in na karɓa, ta yaya kike hana ɗayan cinye ɗayan? Don abin da Malam ya faɗa a kan hannu ya yi sanyi, na gan shi da idona a wasu.

Mai Hoton Zuciya:
Ƙanwata, asibiti ne kullum yake cinyewa, domin mara lafiya yana da murya, bincike ba shi da ita. Saboda haka lokacin bincikenki ya zama a rubuce cikin takardar aiki, ba alƙawarin baki ba. A Amurka tallafin da NIH ke ba matasan likitoci masu bincike yana sharɗanta kusan kashi 75 cikin ɗari na lokacin mutum ya tafi a binciken, don sun san abin da ke faruwa in ba a ɗaure ba. Masu haɗa digirin likita da na digirgir a can kuwa kusan shekara 8 suke yi kafin ma su fara horon ƙwarewa. Hanya ce mai tsawo ko'ina.

Sannan ki yarda tun yanzu cewa ba za ki iya komai na zuciya ba. Ni na bar saka bututu a jijiyoyin zuciya, na bar wa waɗanda kullum shi suke yi. Abin da na riƙe shi ne kilinik ɗin iyalai masu ciwon gado da karanta eko da MRI, kuma ko a tsakiyar digirina ban bar ranar kilinik ba. A wannan ɗan fagen hannuna bai yi sanyi ba, kuma daga nan duk tambayoyina suke fitowa. Ki koyi ƙididdiga da kanki, ki koyi rubuta ɗan umarnin kwamfuta, domin yanzu da hotuna dubbai ake aiki; UK Biobank a Ingila mutum dubu ɗari suka sa a gaba da hoto. Za a ƙi takardunki na neman tallafi, ba sau ɗaya ba, kuma yana da ciwo.

In kuma kina neman tambaya, ga wadda ke hana ni barci: yaron da ya gaji sauyin amma zuciyarsa ba ta yi kauri ba tukuna. MRI yana nuna wasu alamu a irinsu, 'yan tsage-tsage a bangon, ganyen bawul ɗin mitral, wato ƙofar jini ta ɓangaren hagu, ya yi tsawo. Wanne ne cikinsu zai kamu, yaushe, kuma za a iya tare shi? Gwajin da Carolyn Ho ta jagoranta, wanda aka fitar a 2021, ya nuna maganin hawan jini valsartan yana rage saurin ci gaban ciwon a waɗanda yake matakin farko. Ƙofar a buɗe take.

Ɗan Lab:
Ki karanta tarihin marigayi Bongani Mayosi na Afirka ta Kudu. Likitan zuciya ne, ya tafi Oxford ya yi digirin digirgir a ƙwayoyin gado, ya koma Cape Town ya ci gaba da duba marasa lafiya. A 2017 tawagarsa ta gano cewa ƙwayar CDH2 tana jawo wani ciwon tsokar zuciya mai rikita bugu, daga wani dangi da aka daɗe ana bibiya. Amma kafin ki sa hannu, ki nemi ɗaliban da suka gama a hannun wanda zai kula da digirinki, ki tambaye su a keɓe ko yana samun lokacinsu, da sunan wa yake sawa a gaba in an wallafa.

Maman Biyu:
Allah ya saka muku da alheri, yau na fahimci takardar nan. Zan kai yaran a duba su. Me ya kamata in riƙe in tafi da shi, kuma babban ya daina wasan ne kafin lokacin?

Tsohon Hannu:
'Yata, ki tafi da takardar gwajin jinin mijinki, da sakamakon eko da ECG ɗinsa, da duk wata takarda da ta rage game da rasuwar ƙaninsa. Ki zauna da surukarki ko wani babba a gidan ku rubuta waɗanda suka rasu da ƙuruciya a dangin, da shekarunsu da yadda abin ya faru. Mijinki ya je tare da ku, ya kuma sanar da sauran 'yan'uwansa su ma a duba su. Yaron kuwa, in bai taɓa suma ko ciwon ƙirji ba, kada ki kulle shi a ɗaki, wasansa na yau da kullum ba laifi. Gasar da za a matsa masa ya ƙure ƙarfinsa ce za a dakata da ita har likita ya gan shi, kuma ki nemi ranar da wuri.